Maƙwabcina ya canza min tuta jiya, abin ya tsaya min a rai

Baban Hanifa (Mississauga):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ne ya faru dani jiya da yamma nace bari in kawo shi nan. Kun tuna Fabrairun 2025 lokacin da Trump ya matsa da maganar wai Kanada ta zama jiha ta 51 a Amurka, ga barazanar harajin kashi 25 a kan kaya, ko ina ka waiga tutar Kanada ce, to a lokacin ne Hanifa ta dawo daga makaranta ta sa ni gaba sai mun saka tamu, naje na sayo mai araha na ɗaura a jikin gareji shikenan na manta da ita. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, iskar hunturu ta yaga gefenta, jan ya koɗe ya koma kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, ni ko ɗaga kai bana yi in zan fita aiki. Jiya ina kwashe ƙanƙara a ƙofar gida sai ga maƙwabcina, dattijo ne Bature ya haura saba'in, yana takowa a hankali da leda a hannu. Muka gaisa yace ya lura igiyar ta tsinke bakin tutar na jan ƙasa cikin ƙanƙara mai datti, yace ba faɗa ya kawo shi ba, ga sabuwa in ina so ya taya ni ɗaurawa. Cikin wannan sanyin ya cire safar hannunsa ya kwance tsohuwar da kansa, yatsunsa har rawa suke, ya ninke ta a tsanake kamar mai ninke sallaya bai bari ta sake taɓa ƙasa ba, ya miƙo min da hannu biyu. Wallahi kunya ta rufe ni. Yace min yana ɗan makaranta aka fara ɗaga wannan tutar kuma babansa har ya mutu bai yarda da ita ba.

Tambayata itace, mu da muka yi rantsuwa muka karɓi fasfo, yaranmu a nan aka haife su, wannan tutar tamu ce ko ta masu gida ce muna aro? Ni dai a raina tamu ce, kuma in har mutum ya ɗaura ta to ya kula da ita ko ya sauke.

Maman Sadiq (Otawa):
Wa alaikumussalam Baban Hanifa. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, mutumin kirki ne. Amma ni gsky bazan ɓoye maka ba har yau in naga tuta a bayan akori-kura gabana faɗuwa yake. Ku da kuke Toronto a talabijin kuka ga abin da ya faru a 2022, mu a cikinsa muka kwana. Ƙarshen Janairu direbobin manyan motoci masu zanga-zangar ƙin dokar allurar korona suka shigo suka toshe tsakiyar gari kusan sati uku, hon dare da rana babu ƙaƙƙautawa sai da kotu ta bada umarni a daina, ga warin dizal, ga tutoci an ɗaure a sandar hoki wasu an juya su kai a ƙasa, har mutum-mutumin Terry Fox, gwarzon da yayi gudun tara kuɗin yaƙi da ciwon daji, suka rataya wa. A tsakiyar gari nake aiki lokacin, da hijabina da takunkumi a fuska nake ratsa su kullum, wani ƙato ya yafa tuta a kafaɗa ya biyo ni yana min ihu in cire takunkumin. Tun daga ranar 'yar ƙaramar tutar da aka bani ranar rantsuwa na cire ta daga falo na jefa a durowa, tana nan har yanzu.

Direban Brampton:
Hajiya kiyi haƙuri da abin da ya same ki amma dan Allah kar a shafa mana kashin kaji gaba ɗaya. Shekara ta tara ina jan tirela, lokacin da waɗancan suke hon a Otawa mu muna kan hanya muna kai kaya, yawancin direbobi sunyi allurar, babbar ƙungiyar masu manyan motoci ta ƙasa ma fitowa tayi tace bata tare dasu. Kizo Brampton kiga masu tuƙin, rabi masu rawani ne 'yan Punjab. Ni akwai sitikar tuta a ƙofar motata kuma ban cire ba ko a lokacin, nace akan me zan bar wa wasu ita.

Maman Sadiq (Otawa):
Na sani ƙanena ba da kai nake ba. Abin da ido ya gani ne yake da wuyar fita.

Ƙanenku Ɗalibi (Kingston):
Yaya Baban Hanifa maganar da dattijon yayi cewa babansa bai yarda da ita ba, wannan ba ƙaramin tarihi bane, bari in ɗan taɓa tunda a garin da abin ya samo asali nake. Kafin 1965 tutar da Kanada ke amfani da ita ja ce mai ɗauke da tutar Ingila a kusurwa. Lester Pearson ne ya dage sai an canza, kuma yana da dalili, a rikicin Suez na 1956 shi ya kawo shawarar tura sojojin kiyaye zaman lafiya har ya samu kyautar Nobel a 1957, amma Masar ta nuna bata gamsu da sojojin Kanada ba don kamanninsu da tutarsu duk irin na Ingila ne, alhali Ingila na cikin waɗanda suka kai mata hari. Da ya zama firaminista yaje Winifeg a watan Mayun 1964 gaban tsofaffin sojoji ya faɗa musu za'a yi sabuwar tuta, ihu suka yi masa a zauren, don su ƙarƙashin tsohuwar aka binne abokansu a Turai. John Diefenbaker, shugaban 'yan adawa, ya ja daga a majalisa wata da watanni ana tafka muhawara, aka kafa kwamitin mutum 15, jama'a suka turo zane dubbai, shi Pearson kansa wanda yake so mai ganye uku ne da shuɗi a gefe biyu kuma bai samu ba. Wanda aka ɗauka shawarar George Stanley ce, malami ne a kwalejin soja ta nan Kingston, tutar kwalejin ya kalla ya samo tsarin ja fari ja. Sai da aka yanke muhawarar da ƙarfin doka aka kaɗa ƙuri'a cikin dare ranar 15 ga Disamba 1964, 163 suka amince 78 suka ƙi. Ranar 15 ga Fabrairu 1965 aka ɗaga ta a Otawa.

Abin da nake so in fitar shine, ita wannan tutar da gangan aka yi ta babu alamar Ingila babu ta Faransa babu gicciye, ganyen mapul ne kawai, don kada wani yace ta kakansa ce. Toh in haka ne ai Hanifa ma tana ciki.

Ɗan Damagaram (Montiriyal):
Sannunku 'yan uwa. Ɗalibi ka yi bayani mai kyau amma kuna magana kamar Kanada duka Ontariyo ce. Ku zo Kebek ku gani. Nan tuta mai daraja ita ce shuɗiya da fari mai furanni huɗu, tun 1948 suke da ita, ta girmi mai ganyen da shekara 17, kuma gicciye ne fari a tsakiyarta. Ranar 24 ga Yuni ita ce sallarsu, gari ya cika da shuɗi. 1 ga Yuli kuwa, ranar Kanada, da kuke ta wasan wuta, mu nan ranar tashi daga gidan haya ce, titi cike da motocin kwasar kaya da tsofaffin katifu. Kar ku manta a 1995 saura ƙiris su ɓalle, kashi 50.58 suka ce a zauna 49.42 suka ce a raba. Ni a unguwarmu in na rataya ja da fari a baranda wasu maƙwabta zasu ɗauka na shiga siyasa ne. Shi yasa ban saka ko ɗaya ba. Amma zan faɗi gaskiya, da Trump ya fara maganarsa har nan naga masu jin faransanci suna ajiye kayan Amurka a kanti suna duba wanda aka yi a gida.

Malam Na Edmonton:
Assalamu alaikum. Alhaji Baban Hanifa ina da 'yar gyara, kwatanta ninke tuta da ninke sallaya bai min daɗi ba. Ƙyalle ne mutum ya zana, baya amfanarwa baya cutarwa. Ina jin tsoron yaranmu su tashi suna ganin girman tuta da taken ƙasa fiye da yadda suke ganin girman kiran sallah, kullum da safe a makaranta a miƙe tsaye ƙyam, amma a kira sallah suna kan waya.

Baban Hanifa (Mississauga):
Allah gafarta Malam na karɓi gyara, yadda hannunsa yayi nake kwatantawa ba darajar abin ba. Amma Malam ni ba ƙyallen na gani ba jiya, mutum na gani da ya damu da abin da ya haɗa ni dashi. Da zai iya kiran 'yan unguwa ayi ta gulma ace baƙin nan basu san darajar ƙasa ba, sai ya cire kuɗinsa ya sayo min. Haƙƙin maƙwabtaka kenan da muke karantawa. Kuma yaron da baya tashi sallah ai laifinmu ne a gida ba na tuta ba.

Malam Na Edmonton:
Wannan gaskiya ne Alhaji. Ni ban ce a wulaƙanta ta ba, wanda ya shiga ƙasa da amana ya riƙe amana, mun yi alkawari da bakinmu ranar rantsuwa kuma musulmi baya saɓa alkawari. Iyaka dai zuciya ta san inda girmamawa ta tsaya. A nan Edmonton akwai masallacin Al-Rashid tun 1938, ya riga ita tutar ma zuwa, saboda haka ba jiya muka zo ba.

'Yar Zazzau (Winifeg):
Slm. Tun ɗazu nake karantawa ina jira wani ya ambaci masu ƙasar na asali naji shiru. Baban Hanifa ka ce "masu gida", toh su waye masu gidan? Ba maƙwabcinka bane, shima kakanninsa jirgin ruwa ne ya kawo su. Ni nas ce, yawancin marasa lafiyan da nake dubawa 'yan asalin ƙasar ne, Cree da Ojibwe, kuma akwai wata tsohuwa da na yi jinya kusan wata biyu, ina gyara mata gashi wata rana ta riƙe hannuna tace tana shekara shida aka zo aka ɗauke ta daga hannun uwarta aka kai ta makarantar kwana, ranar farko aka datse mata kitso aka bata lamba, in tayi yarensu duka. Bata ƙara kwana ɗaki ɗaya da uwarta ba sai da ta zama budurwa kuma lokacin yaren ya gudu daga bakinta, suna zaune suna kallon juna. Yara wajen 150,000 aka yiwa haka, gwamnati ke biya coci ke gudanarwa, kuma ba tarihin da can bane, sai cikin shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe, wato shekara talatin wannan mai ganyen tana kaɗawa ana yi. A watan Mayun 2021 da aka sanar na'ura ta nuna alamun abin da ake zaton kaburbura 215 ne a harabar tsohuwar makarantar Kamloops, an sassauto da tutoci ƙasa-ƙasa a gine-ginen gwamnatin tarayya tun ƙarshen Mayu har farkon Nuwamba, sama da wata biyar. 1 ga Yulin 2021 a nan Winifeg rigar ruwan lemo ta tunawa da yaran makarantun mutane suka saka maimakon ja. Ni bazan ce wa tsohuwar nan ta so tuta ba, bani da bakin.

Direban Brampton:
Innalillahi. Anti wannan labarin ya taɓa ni wlh. Ina wuce garuruwansu a arewacin Ontariyo, wasu har yau ruwan famfonsu sai an tafasa.

Ƙanenku Ɗalibi (Kingston):
Anti gaskiyarki. Amma ki duba wani abu, ƙasar da ta yarda ta sauke tutarta wata biyar saboda laifin da ita ta aikata, ni wannan yana cikin abin da yasa nake ganin mutuncinta. Kuma tun 2021 rantsuwar zama ɗan ƙasa an ƙara mata amincewa da haƙƙoƙin 'yan asalin ƙasar da yarjejeniyoyin da aka yi dasu, duk wanda yayi rantsuwa bayan nan ya furta da bakinsa.

'Yar Zazzau (Winifeg):
Ƙanena sauke tuta baya dawo da yare. Na yarda mataki ne, kuma gara da aka yi. Ni abin da nake roƙo kawai in zamu koya wa yaranmu son ƙasar nan mu haɗa musu da wannan, ranar 30 ga Satumba, ranar tunawa da yaran nan, in makaranta tace a saka rigar ruwan lemo kar mu ɗauka ado ne, mu zaunar dasu mu faɗa musu dalili.

Maman Sadiq (Otawa):
Gashi kuma Kebek da dokarsu ta 2019 da ta hana malamar makarantar gwamnati saka hijabi. Ga masallacin birnin Kebek 29 ga Janairu 2017 mutum shida aka kashe bayan sallar isha. Wani lokaci sai inji kamar muna ta cewa tamu ce tamu ce su kuma basu ce ba.

Kawu Na Landan Ontariyo:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Ban cika magana a nan ba amma yau dole. Shekarata 31 a ƙasar nan. Hajiya Maman Sadiq ki saurare ni. A garin nan ne ranar 6 ga Yuni 2021 wani yaro ya bi iyali guda da mota suna tafiyar yamma a gefen titi don kawai musulmi ne, mutum huɗu suka rasu, kaka da uba da uwa da 'yarsu budurwa, ƙaramin yaro ɗan shekara tara ne kaɗai ya tsira. Matata sati biyu bata taka waje ba. Naje jana'izar. Abin da bazan manta ba har in koma ga Allah, da aka fito da akwatunan guda huɗu kowanne an lulluɓe shi da tutar Kanada, muka yi sahu a fili muka yi musu sallah, kuma bayan sahu da gefen hanya Turawa ne tsaye da Sikh da kowa da kowa, wasu na kuka kamar 'yan uwansu ne. Wanda yayi kisan so yake ace mutanen nan ba 'yan nan bane, sai gashi an rufe su da abin da ake rufe sojan da ya mutu a bakin daga. Ni da idona naga yadda mutane ke tsayuwa a kan gadojin babbar hanyar 401 da tutoci in an ɗauko gawar soja daga Trenton zuwa Toronto lokacin yaƙin Afganistan, irin wannan girman aka basu.

Ban ce babu masu ƙinmu ba, akwai, na haɗu dasu a wurin aiki na haɗu dasu a layin kanti. Amma in kika bar taki a durowa saboda wancan ƙaton da ya miki ihu, kin bashi abin da yazo nema. Ni tun ranar jana'izar nan na kafa sanda a gaban gida kuma duk shekara nake canza ta kafin ta koɗe.

Maman Sadiq (Otawa):
Kawu ka sa ni hawaye. Na ga hotunan a lokacin amma ban taɓa kallon abin ta nan ba. Allah ya jiƙansu ya raya yaron. Bazan yi maka alkawarin zan kafa a waje ba, zuciyata bata kai nan ba tukuna, amma zan ciro ta daga durowa.

Malam Na Edmonton:
Allah ya gafarta musu ya karɓi shahadarsu. Amin.

Ɗan Damagaram (Montiriyal):
Amin. Hajiya maganar dokar hijabi da kika kawo, ƙanwar matata ta karanta koyarwa ta gama dole ta koma Ontariyo neman aiki, don haka na san zafinta. Amma ko a nan bayan harin masallacin dubban mutane suka fito cikin sanyin Janairu da kyandir. Duka biyun gaskiya ne, ni haka nake zaune dasu.

Ƙanenku Ɗalibi (Kingston):
Wani abu da yake burge ni, mutanen nan a da basu cika nuna kishin a fili ba kamar Amurkawa, babu dokar da zata ɗaure ka don ka wulaƙanta tuta, ladabi ne kawai aka rubuta wanda yaga dama ya bi. Amma ku duba 2025, tsofaffin firaministoci biyar, Clark da Campbell da Chrétien da Martin da Harper, mutanen da jam'iyya ta raba, suka haɗu suka roƙi kowa ya ɗaga tuta ranar 15 ga Fabrairu da ta cika shekara 60. Kwana biyar bayan nan Kanada ta ci Amurka 3 da 2 a wasan hoki a Boston, McDavid ya jefa ta ƙarshe, hostel ɗinmu har 'yan Indiya da 'yan Chana da basu san dokar wasan ba ihu suke. Kuma tutar da ke saman hasumiyar majalisa a Otawa ana canza ta a ranakun aiki a bai wa ɗan ƙasa kyauta in ya nema, layin jiran ya haura shekara 100 amma mutane basu daina rubuta suna ba.

Direban Brampton:
Wannan ihun da aka riƙa yiwa taken Amurka a filin wasa ni ban so shi ba gaskiya. Duk sati ina tsallaka boda, mutanen Michigan da Ohio da nake sauke wa kaya basu min komai ba, wasu ma haƙuri suke bani. Ka so naka ba sai ka tozarta na wani ba.

'Yar Zazzau (Winifeg):
Na yarda da kai a nan. Kawu nagode da abin da ka rubuta, zan karanta wa yarana in sun dawo. Ni dai tawa in zan saka, da rigar ruwan lemo zan haɗa su a taga ɗaya.

Baban Hanifa (Mississauga):
Anti kin gyara min kalmar "masu gida" kuma na karɓa, bazan sake faɗinta haka ba. Hanifa na nuna mata saƙonki tace a ajinsu an karanta musu labarin makarantun, ta ma fini sani, ni ne ban taɓa tambayarta ba.

Yanzu ga tsohuwar nan a ninke kan teburin falo tun jiya na rasa yadda zanyi da ita, hannuna ya ƙi jefa ta a shara bayan yadda dattijon ya miƙo min. Wa ya san ƙa'ida?

Kawu Na Landan Ontariyo:
Duba jikinta ɗana. In auduga ce ko ulu ana ƙona ta ne a keɓe ba tare da taro ba. In ta roba ce irin nailan, wanda nasan ita ce tunda kace mai araha, kar ka ƙona, almakashi zaka sa ka raba jan daban farin daban har ta daina kama da tuta, ka ƙulle a leda sannan ka fitar. Kuma wannan karon ka sayi ƙugiyar ƙarfe, igiyar roba bata jure sanyin Janairu.

Baban Hanifa (Mississauga):
Nailan ce Kawu. In Hanifa ta dawo zamu yi tare. Maman Hanifa kuma ta riga ta ɗora tukunya, tace dambun nama da cincin za'a kai wa dattijon, ni zan kwashe masa ƙanƙarar ƙofar gida gobe da asuba kafin in wuce aiki, ance za'a sake zubowa cikin dare.